Zinaren da Ma'auni Bai Sani Ba

Kwana uku ruwa na dukan rufin Thrissur.
Velayudhan na shago, gilashi a karan hanci,
yana hura wuta ta bakin tagulla,
yana dasa ƙwayar zinare a bayan awarwaro.
Ya ce da 'yarsa a waya: me kike ƙerawa can?
Ta ce: sana'arka ce, Baba, sai dai ido ba ya gani.

A Kochi, hawa na uku, fanka na gunaguni.
Sreelekha ta ɗaga kwalba, baƙin gari kamar kwalli,
bututun gawayi ne, sirara,
dubu in sun jeru ba su kai gashin gira ba.
Santsi gare su.
Zinare ya zo, ya zame, ya wuce abinsa.
Abin da bai da tabo, ina za a kama shi?

Sai ta dafa su a asid awa shida
har jikinsu ya yi miki,
ta rataya wa kowane miki ƙugiyar kibiritu.
Wari ya tashi, na ƙwan da ya kwana biyu.
Joji ya toshe hanci, ya ce shayi na kiransa.

Zinaren nan ba rawaya ba ne.
Da ya ƙanƙance sai ya mance launin gidansu,
ya yi ja wur, ruwan rumman a gilashi.
Ran Talata gishiri ya ɗan zarce,
ƙwayoyin suka ruƙunƙume juna, suka yi shuɗi,
wahalar wata guda ta bi rariya.
Ta ci shinkafarta da sanyi, a tsaye.

Daren Asabar, ɗaki duhu, na'ura na huci.
Allo ya yi toka-toka, ya washe.
Ga igiya ɗaya ta miƙe,
ga ɗigo baƙi-baƙi sun sauka a kanta
kamar hankaki a wayar lantarki bayan ruwa,
nan uku, can ɗaya, can an bar fili.

Ta tura hoton gida.
Tsoho ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce: tazarar ba daidai ba,
na huɗun nan ya karkace.
Nawa ne nauyinsa?
Ta ce: ma'auninka ko gezau ba zai yi ba.

Ta ji ya ajiye hantsaki a kan katako.
Ya ce: to, amma ya kama?
Ta ce: ya kama.