Haka

Wuta ta dawo bayan la'asar,
telen Arzika mai shayi ta farka da tari.
Muka jawo benci a bakin tashar Tawa,
muna jiran balo irin wanda muka saba.

Sai ga wasu ƙarti cikin baƙaƙen riguna,
ƙwallonsu kamar ƙwan jimina da aka matse,
ko taɓa ta ba su yi ba tukuna.
Suka ware ƙafa, suka rage tsawo,
suna marin cinya, suna dukan ƙirji,
ƙasa na amsa musu daga ƙarƙashi.
Ido waje. Harshe har haɓa.

Yara suka tuntsire: bori ya hau su!

Na ce wa Hankurau ɗan lakwal,
me ake ce wa wannan?
Ya ce, Haka.
Na ce, haka yaya?
Ya ce, Haka dai, sunanta ke nan.
Ta Mawori ce, mutanen wasu tsibirai
da gari ke waye musu muna alwalar magariba.
An taɓa dukan kakanninsu a aji
don sun yi yaren gida,
yau ga shi har ɗan Bature
sai ya koya kafin ya sa rigar ƙasa.

Tsoho Nomau bai yi dariya ba.
Shayinsa ya huce a hannu.
Shekara goma sha ɗaya yana kokowa,
daga Keita har Ƙwanni an san bayansa
bai saba da yashi ba,
sai gwiwa ta kada shi, ita kaɗai.

Ya ce, ku bar dariya, ƴaƴan nan.
Ba da waɗancan na gabansu suke ba.
Mutanen baya suke kira,
waɗanda ke kwance.
Mai shiga fili shi kaɗai
an kada shi tun a gida.

Aka busa usur, suka sarƙe kafaɗu
kamar bijimai a bakin rijiya ɗaya.
Ba mu gane dokar ba.
Arzika ya ce asarar wuta ce kawai.

Rabin wasa wutar ta sake tafiya.
Cikin duhu, ƙarƙashin bedi,
na ji tafi guda bisa cinya,
sannan muryar da ban san Nomau da ita ba:

Ni ne kututturen gao, ɗan Jadi,
jikan mai hana rago barci,
ni ne, ni ne…

Ya tsaya.
Ya sake ɗaukowa daga fari,
ya sake tsayawa a wuri ɗaya,
kamar jaki a bakin gulbi.
Makaɗin da ya riƙe sauran
ya rasu bara, lokacin girbin albasa.

Hankurau ya kunna fitilar salula
yana neman biro a aljihu.
Nomau ya ce, kashe.
Ba a takarda take zama ba.
Miƙe tsaye. Ware ƙafa.
A'a, ba haka ba.
Haka.