Abin da Madam Ngwe ta Faɗa wa Bango

Shekara goma sha ɗaya ina tafinta a asibitin Garwa,
ina kwaso ciwo daga Fulatanci da Hausa
in juye shi da Faransanci a kunnen likita.
Na ɗauka babu kalmar da za ta gagare ni.

Sai daren da aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu ya kwanta.
Tukunyar iska ɗaya ta rage a ɗakin yara,
ƙirji uku suna jiranta.

Madam Ngwe, nas ɗinmu 'yar Bamenda,
mai faɗa, mai tafiya kamar ta biyo bashi,
na gan ta bayan ƙofa, goshi jingine da bango,
tana maimaita wani abu da Ingilishi.
Bisiic. Bisiic.
Tsakiyar kalmar doguwa,
kamar igiyar guga da ake ta saki
ba a ji ta taɓa ruwa ba.

Da safe a teburin shayin Hamajoda
na ce, wace kalma ce waccan?
Ta ce, tsohuwa ce, ta girmi kakar kakata.
Ba a taya tumatir da ita,
ba a tsayar da mai babur da ita,
in ka faɗe ta a ofis dariya za a yi maka.
A littafin addu'ar uwata na tsince ta,
wanda gara ta cinye wa gefe.

Na ce, roƙo ke nan.
Ta ce, roƙo ai a tsaye ake yinsa.
Na ce, to, lallashi.
Ta ce, mai lallashi yana da sauran dabara.
Na ce, bara?
Ta kurɓi shayi.
Mai bara in ka hana shi gaba yake yi, ƙofofi da yawa.
Wannan ƙofa ɗaya ce,
kuma ka san mai gidan ba ka binsa komai.

Na hau kekena ina jin kunya,
ni da ake biya don in san sunan abu.
Sai a kan gadar Binuwai ta faɗo mini,
ba daga ƙamus ba.

Ina da shekara tara, an saki ruwan Lagdo,
kogi ya zama ja, yana tafe da rufin bukkoki.
Babana ya ɗauki filafili, wai komarsa tana tsallake.
Inna ta zube a laka,
ta kama bakin wandonsa da hannu biyu,
ita da ko sunansa ba ta faɗa:
Na gama ka da Allah, Tanimu,
na gama ka da nonon da ka sha.

Magiya.
Ashe muna da ita.
Mun dai tura ta ƙasan adaka
tare da tasoshin da ba a fitarwa sai an yi rashi.

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya,
a hankali, ba da fushi ba.
Kwana huɗu aka yi ana bin gaɓa.

Cikin yaran nan uku, biyu sun koma gida.
Uwar ta ukun, Jebbu, daga wajen Pitowa,
ta tare ni a baranda tana naɗe zanen goyo
da babu kowa a ciki.
Ta ce, matar nan mai farin kaya,
me take ce wa bango a daren?

Na buɗe baki da Fulatanci, na rufe.
Na ce da Hausa, magiya take yi.
Ta ce, wa 'yata?
Na ce, wa dukansu.

Ta gyaɗa kai.
Ta sake warware zanen, ta sake naɗe shi,
ta tambaye ni inda ake hawa motar Pitowa.