Ja na Goma Sha Ɗaya

Tun azahar aka ɗauke wuta a Bagalam.
Cikin firjina ƙanƙarar jika bakwai
ta fara hawaye, ɗigo-ɗigo,
lamurje da ruwan tsamiya suna komawa shayi.

Na jawo gurub tsakar gida, inda iska za ta kwashe hayaƙi.
Ja ɗaya, shiru.
Ja biyu, tarin tsohon da ya daɗe da taba.
A ja na bakwai igiya ta fizge hannuna,
kafaɗata ta ce: Tsahara, ya isa.

Haka Baba Nomau yakan ce
a garejinsa na hanyar Ɗan Isa:
"Inji ba jaki ba ne, ba ya jin sanda.
Abu uku yake roƙo: ya sha, ya shaƙa, ya ga tartsatsi.
Durƙusa ki tambaye shi."
Damina huɗu ke nan da muka rufe shi da ƙasa.
Yayyena sun raba babur da fili,
ni na ɗauki sifana mai lamba goma,
tana adakata, tare da 'yan kunne.

Na durƙusa. Ka sha?
Tanki cike yake, man da Lawali ya sayo a kwalba bakin titi,
an yi masa ragin dala ashirin, ya dawo yana taƙama.
Na kwance ƙusar gindin kafireto,
na tara kofin shayi:
ruwa kwance a ƙasa, fetur bisa,
kamar maƙwabtan da suka daina gaisawa.
Ga ragin naka, Lawali.
Na tsiyaye shi tas.

Ka shaƙa?
Soson iska ya yi baƙi ƙirin, ya daskare.
Na wanke, na matse, na shanya kan katanga,
ranar watan huɗu ba ta ɓata lokaci.

Buji kuwa, gindin tukunya ya fi shi haske.
Na kankare da reza a hankali,
na jingina shi jikin ƙarfe, Lawali ya ja,
sai ga shuɗin tartsatsi, ƙarami kamar idon allura.
Na auna baƙin mai, na ja cok, na yi bisimilla.

Ja na goma sha ɗaya ya amsa.
Kaji suka watse.

To amma ƙwan fitila ja ne kamar tofin goro.
Inji ya hau, ya sauka, ya hau,
yana nishin mai dakon buhun gero.
Na zare talabijin. Na zare cajin wayoyi.
Firji kaɗai na bari, nishin bai ragu ba.
Baba bai koya mini wannan tambayar ba:
kayan wa kake ɗauke da su?

Na bi waya da yatsa, daga baki har ƙarshe,
sai ga wata siririya, an naɗe ta da leda,
ta ratsa kafar da ruwa ke bi,
ta shiga gidan Tsoho Mantau.

Na shiga da faɗa cike da bakina.
Yana kwance a tabarma, ƙirji ba riga,
haƙarƙari na ƙirguwa,
fanka 'yar ƙarama tana kaɗa masa gemu.
Gefe jikarsa Hindatu riƙe da dutsen guga,
rigar makaranta rabi a goge.
Ta sunkuyar da kai. Ni ma na rasa inda zan sa nawa.

Na zare dutsen.
Ta bayan katanga na ji muryar gurub ta miƙe sumul.
Na ce ta zo ta ari na gawayi.
Fankar ban taɓa ta ba.

Da la'asar rabin ƙanƙarar ta tsira.
Na sayar da shida, na aika da ɗaya,
na zauna ina goge sifana da gefen zane,
hannuna yana warin Baba.