Tutoci Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Yalwa, Garwa ba ta huce ba.
Fanka na juya zafin jiya,
ni ina gaban kwamfuta da sakin layi ɗaya
da ya ƙi zama tun la'asar.

Aikin ba yawa, in ji Uwale daga Ngaundare:
ka rubuta wa masu tsara manhaja
abin da tutocin kariya ke nufi.
Ƙwaƙwalwar na'ura shafi-shafi take,
kowane shafi da tutarsa a bakin ƙofa.

Ta fari: a karanta.
Ta biyu: a rubuta.
Ta uku: abin da ke ciki umarni ne, a zartar.
Ta huɗu ba ta ba da komai.
Wanda ya miƙa hannu, tsarin zai kā da shi nan take,
ba jan kunne, ba sai gobe.

Na sa "ana iya". Na goge.
Na mayar. Uwale ta dawo da shi da jan layi:
Inuwa, iyawa daban, izini daban.
Kuma ka faɗa musu akwai injin da in an ba shi rubutu
sai ya haɗa da karatu, gyara,
amma kada kowa ya jingina da wannan.
Ba a bin bashin gyara.

Ta bango ina jin tarin Baba.

Shekara ashirin da shida ya riƙe littafin sikeli
a wurin awon auduga, hanyar Pitowa.
Littafin nan mai baƙin bango,
mukan buɗe mu ga buhun wane, kilon wane,
amma ranar da Sallau ya zana babur a gefen shafi
har maƙwabta sun ji a jikinsu.
Ido naku, in ji Baba, alƙalami nawa.

Yanzu shafukan kansa sun sauya tuta
ba a nemi kowa ba.
Tambaye shi kuɗin kilo a shekarar da Binuwai ta shigo gari,
zai ba ka har da dalar canji.
Gaya masa ya ci tuwo ɗazu,
maganar ta gangare kamar ruwa a ganyen gwaza.
Ana karantawa. Ba a rubutawa.
Alwala kuwa hannunsa na bi da ita
gaɓa bayan gaɓa, ba tuntuɓe.

Da safe yakan kira ni Sallau.
Ina amsawa.
Akwai shafi guda, daminar bara waccan,
kan gada, babur, da tirelar da ba ta tsaya ba.
Ni da Inna muka kafa masa tuta ta huɗu
ba tare da mun yi shawara ba.

Masu gina tsarin ma haka suke yi.
Su bar shafi fayau a bakin iyaka,
ba karatu, ba rubutu,
don wanda ya wuce gonarsa da gudu
ya faɗi a nan, kada ya tattake ta maƙwabci.
Wannan ne zan bayyana cikin jimla biyu.
Sai ƙa'idar nan da kowa ke mantawa:
kariya daga bakin shafi take farawa,
ba a tsare rabi.
Ko duka, ko a bari.

Wuta ta ɗauke. Batir saura sha ɗaya.
Na gangara sashen kurakurai
inda ake jera dalilan ƙi:
ka nemi izinin da ba naka ba,
ka nuna wurin da babu kowa.

Labule ya motsa.
Baba ne, da zane a kafaɗa, yana duban hasken.
Sallau, ka rufe littafin?
Yanzu zan rufe, Baba.
Ba ka taɓa komai ba?
Ban taɓa ba.

Ya tsaya kaɗan, ya koma.
Na adana, na tura.
Gobe Uwale za ta sami waƙafin da bai zauna daidai ba.