Shafi Bakwai Fari Fat

Bayan la'asar, a Balad ta Jidda,
lungun da ke bayan masu turare da 'yan canji,
Abu Nawwaf ya buɗe akwatin gilashi,
ya miƙo min shi da hannu biyu kamar jinjiri.
"Kai da ka yi shekara tara a Nagoya wajen masu mota,
karanta min. Wace runduna? Wane fage?
In dai ya taka Boma, kuɗinsa ya ninka."

Ɗan littafi ne, bai cika tafin hannu ba,
bangon ƙyalle, tauraro guda a goshinsa.
Daga dama ake buɗe shi, irin ajaminmu,
sai dai layukansa saukowa suke yi
kamar ruwan indararo.

Na ce: sunansa Kuwabara Sokici,
manomin shinkafa daga ƙasar dusar ƙanƙara.
Ba hijira suke ƙirgawa ba, ba miladiyya ba,
da zaman sarkinsu suke lissafi.
Sha taran nan, ɗora mata ashirin da biyar,
ka sami arba'in da huɗu.
Ga awon takalminsa. Ga ranar da aka yi masa lamba.
Ga jan hatimin hafsa, ga wani, ga wani,
kowa ya danna ya wuce abinsa.
Ya hau jirgin ruwa. Ya sauka Rangun.
Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana goma sha ɗaya.
An sallame shi. An ƙara masa tauraro.

"Sai me?"
Sai fari, Abu Nawwaf. Shafi bakwai, fari fat.

Ya shiga danna na'urar lissafi, fuska a washe.
Ni kuwa yatsana ya maƙale kan wani tabo
da ban sani ba, ko shayi ne, ko laka.

Kakana Kofur Barmo ma ya je Boma.
Da aka sallame su bai zauna Haɗeja ba,
ya yo gabas a ƙafa,
ya yi shekara shida yana yankan riɗi a Gadarif
kafin kwale-kwalen Sawakin ya ƙetaro da shi.
Bai taɓa ba mu labarin harbi ba.
Matsattsaku kawai yake ambata,
da dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa,
da wani yaro da suka tarar jingine da gora,
bakinsa buɗe, shinkafa ɗanya a aljihu.
Daga nan sai ya nemi buta.

Nasa littafin sallamar gara ta cinye a Gadarif.
Babu mai taya shi, ko riyal ɗaya.

Ban ce yaron nan ne ba. Wa ya sani?
Dubbai ne suka jingina da gora a shekarar.

"Rubuta min kati, layi biyu, na masu saye."
Na rubuta runduna, na rubuta shekara da fage.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na ƙara:
manomi ne, ƙafarsa ƙarama.

Ya ɗaga tabarau ya duba.
"Wannan ba a tambayarsa."
Na ce na sani.
Ladanin masallacin Shafi'i ya gyara murya,
shi kuma yana ta laluben abin gogewa a aljihun tebur,
bai samu ba.