Wake a Gwangwani

A Kumo, ajinmu na bayan rijiya,
Malam Gidado na lissafi ba ya karɓar amsa tsirara.
"Sittin da huɗu? Daga ina ta faɗo?
Rubuta mini hanyar da ka biyo,
ko ɓata ka yi, ina son ganin sawunka."

Malama Rifkatu ta kimiyya
ta ba mu ƙwayar wake uku a gwangwanin madara.
Na rubuta: ya tsiro.
Ta ja jan layi a ƙasa:
"Yaushe? Wane launi? Wanne ya riga leƙowa?"
Kwana tara ina tsugune gaban gwangwani
kafin na iya cewa
ya fito kai a sunkuye, kamar mai gaida surukai.

Ta murmusa, ta ba ni bakwai.
Malamin Hausa ya ce da a wurinsa ne, goma.

Yau ni ke cike takardar marasa lafiya.
In na rubuta "ya ji sauƙi",
sai jan biron nan ya taɓa ni a ƙeya:
yaushe? ta yaya?
Sai in soke,
in koma bakin gado in sake dubawa.