Mota Marar Tari

Tsohuwar motata ta cika ran Laraba
a gangaren Alta, dab da gadar kogi.
Tari uku ta yi, ta saki baƙin numfashi,
bayan shekara goma sha tara muna tare.
Oddvar makanike ya leƙa cikinta, ya goge hannu:
"Gunvor, ba a yi wa gawa allura."

To, sai kasuwa.
Uku aka jera mini, duk masu shan lantarki,
ba salansa, ba warin mai.
Ta Jamus doguwa, kujerunta kamar cinyar uwa,
kuɗinta albashin shekara har da ɗoriya.
Ta Koriya mai faɗin baya, fuska kamar ta kwaɗo.
Ta Sin ta fi araha, allonta ya kai tagar kicin,
tana magana tun ba a tambaye ta ba.

Yaron shago, Sindre, gashin bakinsa bai gama tsiro ba,
ya ce, "Kilomita ɗari biyar a caji guda."
Na ce, "A wane wata?
A Yuli, da rana ke ƙin faɗuwa,
ko a Janairu, da batir ke ƙudundunewa kamar kyanwa?"
Ya sosa ƙeya. Ya rage ɗari da hamsin.

Ni ungozoma ce, yaro.
Naƙuda ba ta jiran batir ya ƙoshi.
In an kira ni ƙarfe biyun dare daga bayan tsauni,
ba zan ce wa jariri dakata in sha wuta ba.

Ƙanena Eilif ya ce, sayi babba a san kin isa.
'Yata daga Oslo ta ce, sayi ƙarama ki tausaya wa duniya.
Kowa da bakinsa.
Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ran Asabar na koma da shaidu uku:
igiyar awo, keken guragun mahaifiyata,
da karena mai kunne ɗaya.
Ta Jamus ta ƙi keken sai an kwantar da kujera.
Ta Sin ta yi gaisuwa, kare ya yi mata haushi.
Mai fuskar kwaɗo ta haɗiye mu duka,
har da jakar aikina, ba ta ce uffan ba.
Na sa hannu.

Yanzu kullum dare ina ɗaure ta a bango
da igiya mai kauri, kamar ɗan maraƙi.
Barewar ƙanƙara ba sa jin zuwana,
sai na yi musu oda suke ba ni hanya, a yangance.

Jiya, a hanyar asibiti, cikin duhun azahar,
na ji wani sauti siriri daga baya.
Na ɗauka ƙofa ce ba ta rufu ba.
Ashe tsohuwa ce take ɗan gunguni da hanci,
tana kallon dusar da ke sauka.
Na ce, "Mama, yaushe kika soma wannan?"
Ta ce, "Tun kina goye.
Injinki ne ya fi ni murya."